Ƙafar Hagu Ta Yi Ritaya

Shekara talatin da ɗaya ina jan motar gidan waya
a titunan Ipoh, daga Tambun har Menglembu.
Ƙafar hagu ce ta sha wuya:
taka kuloci, saki, taka, saki,
hannun hagu na juya giya kamar mai motsa tukunya,
har ranar da gwiwa ta ce ta gaji da bauta.

Likita ya ɗaga hoton ƙashi ga fitila,
ya nuna min inda guringuntsi ya cinye.
Na dawo gida na rufe tsohuwar motata da tamfal,
wata biyar ina bin bas ina jan ƙafata.

Norliza ce ta zauna da biro a bayan ambulan,
ta haɗa fanshona da abin da za ta iya tsakura:
ringgit ɗari huɗu da tamanin duk wata,
shekara bakwai kafin banki ya sake mu.
Na ce bashi hanji ne.
Ta ce to, yana cikin kowa, Baba, tashi mu je.
Kafiya dai a wurina ta gado ta, 'yata.

Foo Kok Wai, mai sayarwa, ya buɗe ƙofa huɗu ya bar su.
Ƙarama ce, ruwan toka, but ɗinta na cin keken guragu,
fetur kuwa da cokali take sha, in ji shi.
Na leƙa ƙarƙashin sitiyari, feda biyu kacal.
Na ce ina ta ukun?
Ya ce otomatik ce, kawu, ita ke sa wa kanta giya,
kai dai taka ka tafi, ɗayar ƙafar ta huta.

Ranar farko a danjar kusa da tashar jirgi
ƙafar hagu ta tashi neman aikinta,
ta sami birki ta danne shi har ƙasa.
Manyan lemon Tambun uku suka gangaro daga kujerar baya,
mai babur ya zage ni da yare biyu,
Rosmawati ta gyara ɗankwali,
ba ta ce uffan ba, matata.

Muniandy bakanike ya yi dariya har da tari.
Ya ce naɗe ta ƙarƙashin kujera kamar ba taka ba,
sati biyu za ta manta.

Ba zan yi mata ƙarya ba, motar nan.
Ƙofarta na ƙara kamar gwangwani.
Ran da muka hau dutsen Cameron mu huɗu
ta yi ta nishi sai da na kashe na'urar sanyi.
Amma Litinin, Laraba, Juma'a
tana kai mu asibiti wankin ƙoda,
ko sau ɗaya ba ta ƙi tashi ba, ko an kwana ana ruwa a kanta.

Ƙarfe huɗu in mun fito, hadari ya rufe duwatsun farar ƙasa,
gosulo ya kama daga gadar Kinta.
Ina ɗaga ƙafa kaɗan, mota na rarrafe da kanta.
A nan na lura hannun hagu ma ba shi da aiki,
ga Rosmawati a hagu, ido a lumshe,
hannunta sanyi ƙalau, filasta biyu a damtse.
Shekara talatin da huɗu da aure
ban taɓa riƙe shi ina tuƙi ba.
Yanzu daga gada har ƙofar gida
ina riƙe da yatsunta.

Muniandy bai faɗi daidai ba, an shekara.
Cikin dare ƙafar tana taka abin da babu,
ta shuri bargo, wani lokacin ta shuri ƙaurinta.
Sai ta farka ta ce, Kamarudin, mun iso, kashe mota.